Robert Sobukwe: Fursunan da Aka Yi wa Doka Shi Kaɗai a Tsibirin Robben

A wannan fili namu na tarihin mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, yau za mu nufi Afirka ta Kudu, mu ziyarci wani tsibiri da ake kira Robben, inda gwamnatin wariyar launin fata ta riƙa tsare waɗanda suka yi mata tsayayya. Da zarar an ambaci wannan tsibiri, sunan da yake fara zuwa bakin kowa shi ne Nelson Mandela. Wannan kuwa daidai ne, gama a can ya yi shekara 18 daga cikin shekara 27 da ya yi a ɗaure. Amma akwai wani mutum da aka ajiye a tsibirin nan shi kaɗai cikin wani ɗan gida, bayan ya riga ya gama wa'adin da alƙali ya yanke masa sarai. Sunansa Robert Mangaliso Sobukwe, malamin makaranta, mai wa'azi kuma a ikkilisiyar Metodis. Tarihinsa ne muka kawo muku.

Tsibirin da abin da baƙo yake gani

Tsibirin Robben yana cikin teku daura da birnin Cape Town, kimanin kilomita 7 daga gaɓar da ta fi kusa da shi. Ruwan wurin yana da tsananin sanyi da igiya mai ƙarfi, shi ya sa masu mulki suka ga ya dace da ajiye duk wanda suke so a manta da shi. Turawan Holan, waɗanda suka kafa zango a Cape a 1652, su ne suka fara mai da shi kurkuku. Sun tsare shugabannin 'yan ƙasa a can, haka kuma malaman Musulunci da suka kamo daga tsibiran kudu maso gabashin Asiya. Bayansu Turawan Ingila suka ci gaba. A 1819 suka kai Makana, jagoran mayaƙan kabilar Xhosa, wanda ruwa ya cinye a 1820 sa'ad da yake ƙoƙarin tserewa. Daga wajen 1846 zuwa 1931 kuma aka riƙa kwasar kutare ana kai su can, a raba su da danginsu. A 1961 gwamnatin wariya ta mai da shi babban kurkuku, inda ta tara fursunonin siyasa baƙaƙen fata. Na ƙarshensu sun bar tsibirin a 1991, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1997, sa'an nan a 1999 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Mai ziyara yakan shiga jirgin ruwa daga tashar Cape Town. In ya sauka, sai a zaga da shi a mota. Zai ga makabartar kutare, da majami'ar Makiyayi Mai Kyau wadda aka gina domin kutaren a 1895. Zai ga ramin farin dutse inda Mandela da abokansa suka yi shekaru suna fasa, har hasken dutsen da ƙurarsa suka lalata idanun waɗansunsu. A cikin babban kurkukun kuwa, sau da yawa tsofaffin fursunoni ne da kansu suke yi wa baƙi jagora. Amma kafin a kai can, motar takan tsaya gaban wani ɗan gida da aka kewaye da waya, nesa da sauran gine-gine. A nan ne Sobukwe ya yi shekara 6.

Mu mutanen ƙasar Zazzau wannan dabara ta masu mulki ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Turawa sun tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi a 1920 suka kai shi Lakwaja, can ya rasu. Sarkin Kano Alu ma a Lakwaja ya ƙare kwanakinsa a 1926. Masu karatun Littafi Mai Tsarki kuma za su tuna da manzo Yohanna a tsibirin Batmusa. Manufar dai ɗaya ce ko'ina: a raba mutum da jama'arsa har muryarsa ta ɓace.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Sobukwe ranar 5 ga Disamba 1924 a garin Graaff-Reinet, a yankin gabashin Cape. Shi ne autan gidansu. Mahaifinsa, Hubert, ƙaramin ma'aikaci ne wanda yake haɗawa da saran itace domin ciyar da gida. Mahaifiyarsa, Angelina, tana aikatau da dafa abinci a asibitin garin. Talakawa ne, amma gida ne na ibada da son karatu. Sunan da suka raɗa masa, wato Mangaliso, ma'anarsa abin al'ajabi a harshen Xhosa. Wansa Ernest daga baya ya zama bishop a ikkilisiyar Anglikan.

Ya fara karatu a makarantar mishan ta garinsu. A 1940 ya shiga Healdtown, babbar makarantar Metodis wadda Mandela ma ya yi karatu a cikinta kafin shi. Tarin fuka ya kwantar da shi a 1943, amma Allah ya tashi kafaɗarsa, ya koma ya gama da sakamako mai kyau ƙwarai. A 1947 ya shiga kwalejin Fort Hare, wurin da shugabannin Afirka da yawa suka yi karatu. Yana can ne jam'iyyar Turawa masu ra'ayin wariya ta ci zaɓe a 1948, ta fara shimfiɗa dokokin raba mutane bisa ga launin fatarsu. A shekarar nan ya shiga reshen matasa na jam'iyyar ANC, a 1949 kuma ɗalibai suka zaɓe shi shugabansu. A 1949 ɗin ne ɗalibai masu koyon aikin jinya a asibitin Victoria da ke Lovedale suka yi yajin aiki, shi kuwa ya goyi bayansu. A cikin shugabannin yajin akwai wata budurwa, Veronica Mathe, wadda ya aura a 1954. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu, mace ɗaya da maza uku, biyu daga cikinsu tagwaye.

Malami, mai wa'azi, ɗan siyasa

A 1950 ya kama aikin koyarwa a wata makarantar sakandare a garin Standerton. Ranar Lahadi kuma yakan hau bagade ya yi wa'azi, ko da yake ba a naɗa shi fasto ba, kamar dai dattawanmu da suke riƙe da majami'un ƙauye. A 1952 aka kore shi daga aiki saboda ya goyi bayan gangamin ƙin bin dokokin zalunci, daga baya aka mai da shi. A 1954 jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg ta ɗauke shi koyar da harsunan Afirka. Abin da wuya ne ƙwarai baƙin mutum ya sami irin wannan matsayi a lokacin. Mutane suka riƙa kiransa Farfesa, saboda iliminsa da natsuwarsa. Waɗanda suka san shi, har da abokan hamayyarsa, sun shaida cewa mutum ne mai tawali'u da ladabi.

Sannu a hankali ra'ayinsa ya bambanta da na shugabannin ANC. Yana ganin ya kamata baƙar fata su ja ragamar gwagwarmayarsu da kansu, domin mutumin da aka daɗe ana gaya masa shi ba kome ba ne, sai ya fara yarda da kansa kafin ya sami 'yanci. Bai ji daɗin yadda Turawa 'yan gurguzu suke da baki a harkokin jam'iyyar ba. Mandela da abokansa kuwa suna ganin a haɗa hannu da kowane mai ƙin wariya. A 1958 aka rabu, a watan Afrilu 1959 kuma aka kafa sabuwar jam'iyya mai suna PAC a unguwar Orlando ta Soweto, aka zaɓe shi shugaba. Maƙiyansa sun zarge shi da ƙin Turawa. Amma abin da ya koyar a fili shi ne cewa jinsin ɗan Adam ɗaya ne tak, kuma duk wanda ya ba Afirka amanarsa, ya yarda da mulkin mafi rinjaye, to ɗan Afirka ne ko wane irin launi gare shi.

Ranar 21 ga Maris 1960

Babu dokar da ta fi ci wa baƙar fata tuwo a ƙwarya kamar dokar fas. Fas wani ɗan littafi ne da aka tilasta wa kowane baƙin mutum daga shekara 16 ya riƙa yawo da shi. A ciki ake rubuta inda aka yarda ya zauna da wanda yake yi wa aiki. Dattawanmu na Gubuchi da Makarfi da Ikara da Kudan suna tuna zamanin En'e, lokacin da ɗan doka zai tare mutum a hanyar kasuwa ya ce ya nuna takardar haraji. To, ku auna irin wannan a kowace rana, dare da rana, har a ƙofar ɗakin mutum, a kuma raba miji da mata saboda hatimin da babu a littafin. Dubban mutane ake kamawa kowace shekara a kan wannan.

Sobukwe ya kira jama'a su bar fas ɗinsu a gida, su tafi ofishin 'yan sanda su miƙa kansu a kama su. Ƙa'idar da suka ɗauka ita ce ba za su nemi beli ba, ba za su kare kansu ba, ba kuwa za su biya tara ba. Kwanaki kaɗan kafin ranar ya rubuta wa shugaban 'yan sanda wasiƙa, ya sanar da shi cewa za a yi abin cikin lumana, ya kuma roƙe shi ya ja kunnen mutanensa. Ya ajiye aikinsa na jami'a. Da sassafe ranar Litinin, 21 ga Maris 1960, ya bar matarsa da 'ya'yansa ƙanana a gidansu na Mofolo, ya taka da ƙafa wajen kilomita 8 zuwa ofishin 'yan sanda na Orlando, mutane suna ta biyo shi a hanya. Yana ganin bai kamata shugaba ya aiki jama'a inda shi ba zai fara sa ƙafa ba.

A ranar nan ce, a garin Sharpeville, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan taron da ya je miƙa kansa. Lissafin hukuma ya ce mutum 69 suka mutu, wajen 180 suka ji rauni, da yawansu kuwa a baya aka harbe su suna gudu. Duniya ta girgiza. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ranar 8 ga Afrilu kuma ta haramta ANC da PAC gaba ɗaya. A taron ƙasashe renon Ingila da aka yi a Landan a 1961, Firayim Ministanmu Abubakar Tafawa Balewa yana cikin waɗanda suka matsa wa Afirka ta Kudu lamba, har ta fice daga ƙungiyar. A 1966 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 21 ga Maris domin yaƙi da wariyar launin fata.

Dokar mutum ɗaya

A watan Mayu 1960 kotu ta ɗaure Sobukwe shekara 3 bisa laifin zuga jama'a. Bai ɗauki lauya ba, bai kuwa ɗaukaka ƙara ba. An yi ta yawo da shi gidajen yari dabam dabam. A kurkukun Pretoria ya haɗu da Mandela, suna zama kusa da juna suna ɗinkin buhunan wasiƙu, suna muhawara a kan bambancin ra'ayinsu cikin girmama juna.

Sa'ad da yake ɗaure, waɗansu magoya bayan jam'iyyarsa sun kafa wata ƙungiya mai suna Poqo, suka ɗauki makami, aka zubar da jinin 'yan sanda da na farar hula a 1962 da 1963. Wannan ba hanyar da ya bi ba ce ranar da ya miƙa kansa, amma gwamnati ta sami abin fakewa. Da wa'adinsa ya kusa cika a watan Mayu 1963, sai Ministan Shari'a, John Vorster, ya kai wata doka gaban majalisa. A cikinta akwai sashen da ya ba minista iko ya ci gaba da tsare fursunan siyasa bayan ya gama wa'adinsa, ba tare da an sake kai shi gaban alƙali ba. Mace ɗaya ce, Helen Suzman, ta tsaya ta ƙi dokar har ƙarshe a majalisar. Ba a taɓa yin amfani da wannan sashe a kan kowa ba sai shi, shi ya sa ake kiransa sashen Sobukwe. Kowace shekara sai majalisa ta zauna ta sabunta shi, har ya cika shekara 6 a tsare.

A nan akwai abin lura, 'yan'uwa. Ba a ɓoye aka yi wannan zalunci ba. An yi shi da takarda da hatimi, da ƙuri'ar mutane masu zuwa majami'a ranar Lahadi. Abu yana iya zama bisa doka, amma ba bisa gaskiya ba.

Shekara shida na kaɗaici

Da yake a takarda shi ba fursuna ba ne kuma, ba a sa shi fasa dutse ba. An bar shi ya sa tufafinsa na gida, ya karanta littattafai, ya rubuta wasiƙu. Wanda ya gani daga nesa sai ya ce ai ya fi sauran jin daɗi. Amma an hana shi abin da ya fi abinci, wato mutane. Ba a yarda ya yi magana da wani fursuna ba, gandurobobin da suke gadinsa ma an hana su hira da shi. Wasiƙunsa sai an karanta, waɗansu a riƙe su makonni, waɗansu su ɓata. Sauran fursunoni suna da wahalar aiki, amma suna da juna, suna koya wa juna karatu, suna ta'azantar da juna. Shi kuwa, mutumin da aikinsa duka magana ce a aji da bagade, sai ya wayi gari ya kai dare ba wanda ya ce masa sannu. Lokacin da Helen Suzman ta ziyarce shi, ya gaya mata cewa ya fara manta yadda ake magana.

Duk da haka ya sami hanyar gaisawa da 'yan'uwansa. In an zo wucewa da fursunoni zuwa wurin aiki, yakan fito bakin waya, ya sunkuya ya ɗebi ƙasa a hannunsa, ya ɗaga, ya bar ta tana zuba ta tsakanin yatsunsa. Manomi ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ƙasar nan tamu ce, daga gare ta muka fito, dominta kuma muke shan wannan wahala. Fursunoni na kowace jam'iyya sun riƙe wannan gaisuwa a zuciyarsu har tsufansu.

Bai zauna hannu rabbana ba. Ya yi karatu ta hanyar wasiƙa har ya sami digiri a fannin tattalin arziki daga jami'ar Landan. Mutum biyu kuma ba su yashe shi ba. Ta farko matarsa Veronica, wadda ta riƙe 'ya'ya huɗu da albashin aikin jinya, tana ta rubuta wa hukuma takardun roƙo a sake shi, tana kuma yin doguwar tafiya daga Johannesburg duk lokacin da aka ba ta izinin ziyara. Na biyu abokinsa Benjamin Pogrund, Bature Bayahude, ɗan jaridar Rand Daily Mail, wanda ya riƙa aika masa littattafai da tufafi, daga baya kuma ya rubuta tarihinsa. Mutumin da aka ce yana ƙin Turawa, ga shi amininsa na ƙut da ƙut Bature ne.

Ɗaurin talala da rasuwarsa

Kaɗaici ya taɓa lafiyarsa. A watan Mayu 1969 aka fitar da shi daga tsibirin, amma ba a bar shi ya koma gida ba. An kai shi unguwar Galeshewe a birnin Kimberley, inda ba shi da dangi, aka yi masa ɗaurin talala. Dole ya kasance cikin gida daga faɗuwar rana zuwa safiya, ba zai fita daga Kimberley ba, ba zai halarci taro ba, laifi ne kuma wata jarida ta buga maganarsa. A 1970 wata jami'a a Amurka ta ba shi aiki. Gwamnati ta ba shi takardar barin ƙasa, sa'an nan ta ƙi ba shi izinin fita daga Kimberley zuwa filin jirgi, kotu kuma ta goyi bayanta. Sai ya juya ya koyi aikin lauya, ya buɗe ofishinsa a 1975, yana taimakon talakawan unguwar. Andrew Young, fasto kuma ɗan siyasar Amurka, ya ɗauki biyu daga cikin 'ya'yansa ya riƙe su a gidansa domin su yi karatu.

A 1977 aka gano yana da ciwon daji a huhu. Ko zuwa asibiti a wani gari sai da izinin hukuma da sharuɗɗa iri iri. An yi masa aiki a asibitin Groote Schuur na Cape Town, amma ciwon ya riga ya ci jiki. Ya rasu a Kimberley ranar 27 ga Fabrairu 1978 yana da shekara 53, aka binne shi a garinsu Graaff-Reinet ranar 11 ga Maris. Tun daga safiyar da ya taka zuwa Orlando har ranar mutuwarsa, kusan shekara 18, bai sake yin kwana ɗaya a matsayin ɗa mai 'yanci ba. Bai ga soke dokar fas a 1986 ba, bai ga zaɓen 1994 ba. Amma ranar 10 ga Disamba 1996, a Sharpeville ne Mandela ya sa hannu a sabon tsarin mulkin ƙasar. Veronica ta rayu har 2018, ta rasu tana da shekara 91.

Abin da ya rage mana

Yawancinmu ba za mu taɓa taka tsibirin Robben ba, gama kuɗin jirgi ya fi ƙarfin manomin rake da masara. Amma ba sai mun haye teku za mu ga irin wannan ɗan gida ba. Fiye da rabin waɗanda suke gidajen yarin ƙasarmu jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Akwai waɗanda zamansu na jira ya wuce wa'adin da za a yanke musu ko da an same su da laifi. Waɗansu 'ya'yan ƙauyukanmu ne, da danginsu suka daina zuwa saboda kunya ko rashin kuɗin mota.

Tarihin Sobukwe ya nuna mana cewa rashin mai cewa sannu yana iya karya mutum fiye da fasa dutse, ya kuma nuna mana abin da mace ɗaya mai aminci da aboki ɗaya mai aika littafi za su iya yi. A Matiyu sura 25 Ubangijinmu ya lissafta ziyarar ɗaurarru cikin ayyukan da za a tambaye mu a ranar ƙarshe, Ibraniyawa sura 13 kuma ta umarce mu mu riƙa tunawa da su. Saboda haka muna roƙon dattawan ikkilisiya, da zumuntar mata, da matasa, su bincika ko akwai wani daga yankinsu da yake tsare a Zariya ko Kaduna. A nemi izinin hukumar gidan yari, a je da sabulu da ɗan abinci, a zauna a saurare shi, ko Kirista ne ko Musulmi. A tambayi inda shari'arsa ta tsaya, a nemi lauyan da zai duba takardunsa. A kuma leƙa matarsa da 'ya'yansa a gida, gama su ma ɗaurarru ne ta wata hanya.

Allah ya ba shugabanninmu tsoronsa cikin yin doka, ya ta'azantar da waɗanda suke tsare, ya ba mu zuciyar tunawa da su. Amin.